Kejin Kare Ma Awo Gare Shi

A cikin duk kayan da masu walda ke ƙerawa a garuruwanmu, ba na jin akwai wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamar kejin kare. Mai son ƙofa sai ya kawo magini ya auna masa. Mai son gado zai faɗi ƙafa nawa yake so. Ko mai kiwon kaji sai ya lissafa kaji nawa zai zuba kafin a yanka masa waya. Amma mai kare in ya zo, maganarsa ba ta wuce "a ɗan haɗa min keji," sai a tattaro guntayen rodi da kwanon da suka rage daga aikin wani a liƙa masa. Ba wanda zai tambayi girman karen, ba wanda zai tambayi inda za a kai shi, ko awa nawa zai yi a ciki.

'Yan'uwa ɗalibai, na san wasu suna ganin kan rubutun nan za su fara dariya. Ba komai, na saba. Tun ranar da aka kafe sunayen furojek ɗinmu na ND II a sashen ƙere-ƙere, aka ga wasu da injin casar masara, wasu da injin markaɗe, ni kuma da kejin ɗaukar kare, 'yan ajinmu suka raɗa min Injiniyan Karnuka. Har mai shayin bakin get ya ɗauka. To tunda sunan ya bi ni, bari in yi bayanin abin da ya kai ni, wataƙila wani ya ƙaru.

Ni ɗan Dangora ne. Wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora, inda titi ke ɓallewa ya nufi Tudun Wada da Doguwa, ya ratsa dajin Falgore, ya bi ta Saminaka har Jos. Bebeji da Kiru maƙwabtanmu ne, madatsar ruwa ta Tiga ma ba nisa. Mu manoma ne, amma da an gama kaka, an kai amfani gida, sai harkar farauta ta tashi. A irin wannan wuri kare ma'aikaci ne. Shi ke tayar wa mafarauci zomo da gafiya, shi ke bin garken Bafulatani, shi ke kwana a bakin rumbu da garken awaki lokacin da mai gida ke barci. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa addini ya halatta riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma duk dabbar da ka tsare, haƙƙin ci da sha da lafiyarta yana wuyanka. Ba sai na tsawaita a nan ba, kowa ya ji wannan tun a makarantar allo.

Da can mafarauta a ƙafa suke tafiya, karnuka na biye da su. Yanzu dazuzzukan kusa sun zama gonaki, gandun Falgore kuma doka ta hana farauta a cikinsa, don haka tafiya ta yi nisa. Sai an hau babur ko an yi shatar a-kori-kura. Daga nan buƙatar keji ta shigo, kuma daga nan matsala ta fara.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsohon mafarauci ne. Yana da karnuka biyu da yake ji da su: Duna, baƙin namiji, da wata jar karya mai suna Guguwa, wadda ya yi shekara uku yana horarwa. A ranin da ya wuce aka gayyace su farauta wani daji mai nisa. Ya sayi keji a wata kasuwa a hannun wani mai walda, kejin da aka yi wa ƙasa da sama da gefe uku da kwano, aka bar ƙofa kaɗai da rodi. Ya zuba su biyun a ciki, aka ɗora a bayan mota. Da rana tsaka taya ta yi faci, aka tsaya a inda babu inuwa fiye da awa ɗaya. Watan Afrilu ne. Da aka buɗe, Duna ya fito yana tangaɗi, Guguwa kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Da ya dawo na je yi masa jaje. Ya ce da ni, "Ɗana, wannan ba banza ba, akwai hannu. Karyar da ko tari ba ta yi?" Na ce, "Kawu, Allah ya mayar da alheri. Amma don Allah a nuna min kejin." Na sa hannu a cikinsa da hantsi, a tsakar gida, ban iya barin tafina a jikin kwanon ba. Na ce, "Kawu, ga hannun nan." Bai ce komai ba, sai can ya ce, "To kai da kake karatun ƙarfe, me aka koya muku?" Wannan tambaya ita ce asalin furojek ɗina.

Abu na farko da na gano shi ne yadda kare ke fitar da zafi. Mu gumi muke yi ta duk jiki. Kare kuwa ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne, bai taka kara ya karya ba. Abin da ya dogara da shi haki ne: ya zaro harshe, iska ta riƙa shiga tana fita, danshin baki da maƙogwaro na tashi yana tafiya da zafin. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya a ma'aunin salsiyos, in ya haura 41 an shiga haɗari, ƙwaƙwalwa da ƙoda na iya taɓuwa. Ku tuna a watan Afrilu zafin garinmu kansa yana kai 40, wani lokaci ya wuce. Idan ka kulle kare a akwatin da iska ba ta ratsawa, iskar da yake fitarwa mai zafi da danshi ita zai sake shaƙa, hakin ya zama wahalar banza. Ga shi kuma mun karanta a aji cewa ƙarfe ya fi katako saurin ɗaukar zafi da miƙa shi ninki ɗaruruwa. Wato abin da aka sayar wa Kawu tanda ce mai ƙofa.

Abu na biyu shi ne awo. Na ɗauka sai na ƙirƙiro lissafina, ashe tuni an yi. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, tana da ƙa'idar ɗaukar dabbobi masu rai, kuma da ita ake aiki in za a sa kare a jirgi daga Legas ko Abuja zuwa Ingila ko Amurka. Ƙa'idar ta ce dole kare ya iya tsayawa cak ba tare da kansa ya taɓa rufi ba, ya iya juyawa, ya iya kwanciya yadda ya saba. Don a samu haka, awo huɗu ake yi masa yana tsaye. Na ɗaya, daga kan hanci zuwa gindin wutsiya, ban da wutsiyar. Na biyu, daga ƙasa zuwa gwiwar ƙafar gaba. Na uku, faɗin kafaɗu. Na huɗu, daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai ko tsinin kunne, duk wanda ya fi tsawo. Tsawon keji shi ne awo na ɗaya a haɗa da rabin na biyu. Faɗinsa awo na uku sau biyu. Tsayinsa awo na huɗu, a ƙara kaurin shimfiɗa. Shi ke nan, lissafin da ɗan firamare zai yi.

Ranar da na je auna Duna sai da yaran unguwa suka taru. Kawu ya riƙe shi, ni na ja tef. Hanci zuwa gindin wutsiya santimita 80. Ƙasa zuwa gwiwa 30. Kafaɗu 22. Ƙasa zuwa tsinin kunne 68. Kenan kejinsa zai zama tsawo 95, faɗi 44, tsayi 70 in an sa shimfiɗa. Sai na auna tsohon kejin: tsawo 75, faɗi 50, tsayi 50. Ko Duna shi kaɗai ba zai iya miƙe wuya a ciki ba, balle su biyu. Da na bincika dalilin wannan girma, sai na gane an yi shi ne daidai abin da zai zauna a bayan babur. Babur aka auna, ba a auna kare ba.

Game da haɗa karnuka biyu a keji ɗaya, ƙa'idar ta yarda ne kawai in sun saba da juna, girmansu ya yi kusa, kuma kowanne bai wuce kilo 14 ba, sannan a ninka faɗin kafaɗu sau uku maimakon biyu. Duna da muka ɗora shi a sikelin masu hatsi kilo 18 ya yi. Irinsa shi kaɗai ake sa shi. Dalili a fili yake: jiki biyu zafi biyu ne, kuma kare in ya galabaita ko ɗan'uwansa yana iya kai wa cizo.

Kada kuma wani ya ce to a yi ƙato mana a huta. Keji in ya yi girma fiye da kima shi ma illa ne. Duk wanda ya san ramukan hanyoyinmu na karkara ya san yadda kaya ke watsal a bayan mota. Kare a cikin ƙaton keji, duk birki sai ya bugu da wannan bango, duk rami ya bugu da wancan, ya isa daji da targaɗe. Ɗan kwikwiyo kuma in ya samu fili da yawa sai ya mai da gefe ɗaya makwanci, ɗaya gefen banɗaki. Don haka in kwikwiyo ne, a yi keji daidai girman da zai kai in ya girma, a sa allon katako a raba, a riƙa matsar da shi yana girma.

Sai maganar iri. A lokacin SIWES na zauna wata huɗu a shagon walda a garinmu, na ga iri-iri, kuma kowanne da inda ya dace.

Akwai na waya zalla, wanda ko'ina raga ce. Ya fi kowanne shan iska, ga sauƙin wankewa, ya dace da ajiye kare na ɗan lokaci a gida a ƙarƙashin inuwa. Aibinsa biyu: ba ya tare rana, kuma in ƙasansa ma raga ce, yatsun kare na maƙalewa, mota na girgiza farce ya cire. Jirgin sama ma ba ya karɓar irinsa.

Akwai na roba mai tauri da ake shigowa da shi daga waje, wanda ake gani a shagunan kayan dabbobi a manyan birane. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, shi aka fi amfani da shi a jirgi. Sai dai tsada, kuma in ya daɗe a rana yana yin rauni ya fashe. Akwai kuma na yadi mai zif, wanda aka yi don ƙananan karnukan Turawa na cikin falo. Karen farauta minti biyar ya ishe shi ya yaga shi.

Akwai na katako. Ba ya ɗaukar zafi, kuma kowane kafinta zai iya. Amma yana shan fitsari ya riƙe wari, kaska da ƙuma na ɓuya a tsaginsa, gara na ci, kare mai haushi kuma yana gurgurarsa.

Sai na gargajiyar zamani: duro da aka yanke, ko buhu a ɗaure baki, ko a ɗaure ƙafafu huɗu a rataya a babur. Waɗannan ba keji ba ne, azaba ce. Mu da ke bakin hanyar Jos mukan ga motocin fatake masu kai karnuka kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Filato, an cusa su a keji kan-kan-kan, wani a kan wani. Ko mutum ba ya son kare, in ya ga idanunsu sai ya kau da kai.

Abin da na ƙera wa Duna gauraye ne. Firam na ƙarfe mai kusurwa don ƙarfi. Ƙasa katako mai kauri, wanda ake zarewa a wanke a shanya, a shimfiɗa buhun algarara a kai don kada ya riƙa zamewa. Rufi katako, don inuwa. Gefe huɗu kuwa, daga ƙasa zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku katako, sauran duk raga. Ƙa'idar IATA ta ce wurin shigar iska kada ya gaza kashi 16 cikin ɗari na faɗin gefe huɗun. Wannan na cikin jirgi ne mai na'urar sanyi. Don zafinmu na wuce haka nesa ba kusa ba. Idon ragar kuma bai wuce milimita 25 ba kowane ɓangare, yadda hanci ko ƙafa ba za su fito ba. Duk inda aka yi walda na bi na gurje shi sumul, domin ɗan tsinin da ba ka gani ba shi zai tsaga kunne. Ƙofa sakata biyu, sama da ƙasa, saboda kare mai wayo yana tura ƙasan ƙofa ya fice. Mariƙa a waje, nesa da raga. Na kuma liƙa katako mai kaurin yatsa uku a kowane gefe ta waje, don ko an matsa shi da buhuna a mota, iska ta samu hanya. Sai ɗan kwanon ruwa a jikin ƙofa da ake iya cikawa ba sai an buɗe ba.

Maigidana a shago da ya ga ina ta lissafi ya ce, "Kai yaro, duk wannan a kan kare? Wa zai biya?" Na ce, "Oga, a lissafa kuɗin karen da aka yi shekara uku ana horarwa, a lissafa na katako biyu da raga." Ya yi dariya ya ce araha dai ba ta ado. Daga baya shi da kansa ya riƙa tambayar masu zuwa, "Ina karen? Kawo shi a auna."

Keji mai kyau ma ba ya wadatarwa in ba a iya amfani da shi ba. A fara saba wa kare da shi kwanaki kafin tafiya: a bar ƙofa a buɗe, a riƙa sa masa abinci a ciki, ya shiga ya fita da kansa. Duna kwana huɗu ya yi yana zagaye shi, a na biyar muka tarar yana barci a ciki. A yi sammako, ko a bari sai la'asar sakaliya. Kada a cika masa ciki dab da tashi, amma a ba shi ruwa. A ɗaure kejin da igiya kada ya riƙa yawo, a nisanta shi da salansa, in za a rufa tamfol a rufa sama kawai a bar gefe. In mota ta tsaya, kafin a nemi mai faci a fara sauke keji a kai inuwa. In kuma aka ga kare na haki ba ƙaƙƙautawa, miyau na dalala, yana layi, a fito da shi a jiƙa masa jiki da ruwa mai ɗan sanyi, a yi masa fifita, a nemi likitan dabbobi. Sannan keji abin tafiya ne da tsaro na ɗan lokaci. Wanda ya kulle kare a ciki dare da rana, wata da watanni, yana ƙera wa kansa mafaɗacin kare ne, ga alhaki.

Akwai dalilin da ya sa maganar nan ta shafi har wanda bai taɓa riƙon kare ba, wato cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare ake ɗauka. Yara ne suka fi shiga haɗari. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Maganin abin allurar rigakafi ce ga karnuka, kuma a nan ƙasar cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin ta. To amma ta yaya mutumin ƙauye zai kai kare wurin likitan dabbobi in ba shi da abin ɗaukarsa? Wane direba zai yarda? Haka kuma in kare ya ciji mutum, bayan an wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15 an garzaya asibiti ba tare da jira ba, likitoci na son a tsare karen kwana 10 a ga ko zai nuna alama. A ina za a tsare shi? A wurinmu yawanci ko a kashe shi nan take, ko ya tsere ya ciji wani. Keji ɗaya mai ƙarfi, mai sakata biyu da ƙaramar raga, a gidan mai unguwa ko wurin sarkin baka, zai yi wa gari guda aiki. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya. Ina ba ƙungiyar ɗalibai shawara, ko sau ɗaya, mu haɗa 'yan sashen ƙere-ƙere da masu karatun lafiyar dabbobi mu fita ƙauye ɗaya a ranar.

Mu da ke shirin karɓar difloma, yawancinmu ba kamfanin mai za mu tafi ba, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Garuruwanmu za mu koma, ko mu ci gaba da HND muna haɗawa da shago. Abin da za a kawo mana shi ne amalanke, akurkin kaji, murhu, ƙofar shago, kejin kare. Bambancinmu da wanda ya koya a bakin titi bai wuce mu tambaya mu auna kafin mu kunna inji ba: wa zai yi amfani da shi, a ina, na tsawon wane lokaci, cikin wane irin zafi. In mun bar wannan a cikin littafin lakca, to shekara biyun nan da kuɗin iyayenmu sun tafi a banza. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana.

Duna ya yi tafiya uku a sabon kejinsa, ya je lafiya ya dawo lafiya, an kuma kai shi an yi masa allura. Mafarauta biyu daga wajen Tudun Wada sun aiko a yi musu, kuma na ce kowa ya zo da karensa, don awon Duna na Duna ne. Wanda ke son ganin zanen da lissafin, ya same ni a wokshop bayan la'asar, ya tambayi Injiniyan Karnuka, kowa zai nuna masa. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa abin da muka koya ya amfani mutanenmu da dabbobinsu.